Sun Ɗaure Hannun 'Yata Ina Kallo

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan shafi. Ki yi haƙuri da rubutuna, iyakar karatuna firamare ce da islamiyyar garinmu. Lokacin da wannan abu ya same ni ban kai shekara talatin ba, ina da 'ya'ya biyu, babba da wadda nake goyo, muna zaune a wani ƙaramin gidan sama a Muntaza, cikin Doha, inda maigidana ya kawo ni bayan ya samu aiki a kamfanin gas. Ba Turanci, ba Larabci sai na salla, sai "yalla" da "halas", wato "mu je" da "shi ke nan", da na tsinta a bakin mai shagon da ke ƙasanmu. Ni mace ce mai fargaba tun asali. Idan na kashe murhu sai na koma na duba, idan lif ya ɗan tsaya sai gabana ya faɗi, idan maigida ya tafi wurin aikinsu can bakin teku, inda yakan yi kwanaki kafin ya dawo, ko ƙofa ba na leƙawa. Abu ɗaya dai Allah ya ba ni, ina da lura. Tunda ba na jin yaren mutane, sai na koyi kallonsu.

'Yar farina tana da farfaɗiya tun tana ƙarama, kuma ba irin wadda aka sani ta kumfa da shure-shure ba. Tata yar da ita take yi. Tana tsaye tana magana sai kawai ta zube kamar an zare mata ƙashi, fuska ta riga hannu isa ƙasa. Haƙorinta na gaba a bakin bahon wanka ya karye, haɓarta an ɗinke ta har na daina ƙirgawa, daga ƙarshe asibiti suka ba ta wata hula mai tauri da take sawa a ƙarƙashin hijabi. To a garinmu, kin san al'adar, uwa ba ta kula ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta tare masa faɗa. Kaka ce ke da shi. Mahaifiyata har ta rasu ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. A Doha ba kakar da zan miƙa wa yarinya, ni ce wanka, ni ce magani, amma da zarar mun shiga cikin 'yan uwanmu Hausawa sai in koma 'yar garinmu, in kau da kai kamar ban san wadda ta haife ta ba. Har yabona ake yi, wai ni ce ragowar masu kunya.

Da magunguna suka kasa, likitoci suka ce sai an yi mata tiyata a ka. Ranar da suka yi bayani ina wurin, an daɗe ana Turanci ana nuna hoton ƙwaƙwalwa, ni dai sai gyaɗa kai. A mota na tambayi maigida me aka ce, ya ce wata jijiya za a yanke don faɗuwar ta tsaya, ni dai in yi ta addu'a. Daga nan ban ƙara tambaya ba. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ta yi 'yan kwanaki ba ta magana sai ido, har na ɗauka an ɗauke mata baki ke nan, sai rannan kawai ta ce tana son shayin karak. Faɗuwar nan kuwa ta yi sauƙi sosai, har aka ce ta ajiye hular. Maganin dai aka ce kada a daina.

Muna cikin murna sai wani sabon abu ya ɓullo. Hannunta na hagu ya daina jin maganarta. Tana maƙala maɓallin riga da dama, hagu na bin baya yana ɓallewa. Ta buɗe firji da dama, hagu ya rufe. Wurin cin abinci ne ya fi tayar mini da hankali, yarinyar da tun tana rarrafe na hore ta da ci da dama, sai ga hagu ya faɗa cikin kwano ya ɗebo. In na ce mata mene ne haka, sai ta ce wallahi ba ita ba ce. Wani lokacin kuma ta kawo mini dalilin da ni da ita mun san ba haka ba ne, kamar ta ce ta rufe firjin ne don ta ji na kira ta, alhali ban ce uffan ba. Kuma ba ta yi kama da mai ƙarya ba, don idonta cikin nawa take faɗa.

Sai na shiga sa ido. Na lura in na ce ta ɗaga hannun hagu, sai ta ce ai ta ɗaga, hannun kuwa yana nan kwance a cinyarta. Amma in na ɗaga nawa ban yi magana ba, nan take nata ya tashi. Na lura in ta zura hagu cikin jakar makaranta ta kamo abu, ba ta iya faɗin me ta kamo sai ta fito da shi ta gani. Da dama kuwa ko ido rufe za ta ce fensir ne. Na kuma lura in na ba hannun wani abu ya riƙe, carbi ko kofi, sai ya natsu kamar yaron da aka ba alewa. Na faɗa wa maigida, ya ce kamar likita ya ambaci wani abu mai kama da haka, zai wuce. A gajiye yake, washegari ya koma aiki.

Ana haka aka yi suna a gidan wata 'yar uwarmu a unguwar Tsohon Filin Jirgi. Mata sun cika falo, matan likitoci, matan injiniyoyi, har da irinmu. A tsakiya akwai wata dattijuwa da duk muke kira Hajiya Babba, wadda ta riga kowa zuwa Doha. Ba zan ɓata ta ba, don ranar da na haifi ƙaramar 'yata ita ta kwana da ni, ita ta yi mini kunun kanwa. Yarinyar ta durƙusa za ta gaishe ta, tana gyara hijabi da dama, sai hagu ya fizge shi gaba ɗaya, tabon ɗinkin kanta ya fito fili. Ta mayar, ya sake cirewa. Kafin a gama salati hannun ya miƙe ya ɗauko tsokar nama daga farantin Hajiya. Wata ta ce a'uzubillahi, wata ta janye ɗanta. Hajiya Babba ta ce ai ita tun farko ba ta so wannan buɗe kai ba, an buɗe kan yarinya iska ta samu hanya, ga shi ta sauka a hannun hagu, hannun da tun asali shaiɗan ke ci da shi. Ta ce a ba ta ɗankwali. Ta kama hannun ta ɗaure shi tamau a ƙugun yarinyar, tana tofa addu'a.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ni ta kalla. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara goyo, don 'yar fari ce, kuma babba ce ta yanke hukunci. Har wata tana zolayata, wai ku ga 'yar mutan da, ko a yanka yarinyar nan a gabanta ba za ta tanka ba. Aka yi dariya aka ci gaba da rabon abinci. Wannan kallo da ta yi mini, Anti, har yau in na tuna shi sai abinci ya fita kaina.

Kafin mu isa gida labari ya kai Najeriya. Surukata, wadda maigida ke kira Iya, ta buga masa waya a wurin aiki. Ta ce a kawo mata jikarta, akwai malamin da ya san kan irin wannan, a daina ɗura mata ƙwayoyin asibiti tunda su suka jawo, kuma kada a kwance hannun sai yarinyar ta iso wurinta. Hajiya Babba za ta je gida ba da jimawa ba, sai ta taho da ita. Maigida mutum ne mai ilimi, amma bai taɓa ce wa Iya a'a ba. Ya kira ni ya ce in fara haɗa mata kaya. Na ce to. Kullum da safe in ɗaure hannun kamar yadda aka ce, in kwance in za ta yi alwala ko barci. Na ga wuyan hannun ya fara kumbura. Na ga in an kwance sai ta riƙe shi nesa da jikinta kamar ta ɗauko abin wani. Rannan ina mata kitso, ta tambaye ni a hankali, wai in aka yanke hannun gaba ɗaya za a bar ta ta zauna a wurina? Ta ce ita ta yarda a yanke.

Ban gama kitson ba. Na kwance ɗankwalin na jefa shi bayan kujera, na goya ƙaramar, na kama babbar muka sauka. Ni da ban taɓa shiga tasi ni kaɗai ba, na tare ɗaya na nuna wa direban katin asibitinta. Ba ranar ganin likitanmu ba ce, mai karɓar mutane ta yi ta yi mini bayani da hannu cewa in koma gida, ni kuma na samu kujera na zauna. Tun hantsi har bayan azahar muna wurin. Can sai ga wata nas tana wucewa ta ji ina lallashin goyo da Hausa, ta juyo. Ashe 'yar Gana ce, 'yar Zango, unguwar Hausawan can. Hausarta ta ba ni dariya duk da halin da nake ciki, kowa namiji ne a bakinta, 'yata ma "shi" take ce mata. Ta duba kumburin hannun, ta tambaye ni wa ya yi wannan aiki, ta ce in biyo ta.

Ta shigar da mu wurin wata likita daga cikin masu duba yarinyar, ta zama tafintata. Na zayyana duk abin da na lura da shi, na ɗaga hannu da na jaka da na carbi, likitar tana ta gyaɗa kai. Sannan ta yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Ta ce ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, nas ɗin ta ƙara da cewa kamar goro. Tsakaninsu akwai wata gada ta jijiyoyi da suke aika wa juna saƙo ta kanta. Farfaɗiyar yarinyar takan tashi a ɓari ɗaya ta bi gadar ta kama ɗayan cikin ƙiftawar ido, shi ne take zubewa. Wannan gadar ce aka yanke. Ciwon ya rasa hanyar ƙetarawa, amma saƙo ma ya rasa. Ɓarin hagu shi ke riƙe da hannun dama, kuma a wurinsa magana take. Ɓarin dama shi ke riƙe da hannun hagu, yana gani, yana ganewa, yana da abin da yake so, amma ba shi da baki. In hannun hagu ya yi abu, ɓarin da ke magana bai samu labari ba, shi ya sa take cewa ba ita ba ce, ko ta laluba wani dalili ta faɗa da zuciya ɗaya. Ta ce abin yakan lafa a hankali, ɓarin biyu suna koyon fahimtar juna ta ido da ta motsin jiki, amma sai an bar hannun yana aiki tare da ɗan uwansa. Da ta ji maganar daina magani sai ta ajiye bironta. Ta ce tsayar da shi farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiyar da ta fi ta da muni. Ta ce in zo mata da uban.

Da maigida ya dawo ya tarar ba a haɗa kaya ba, hannu a kwance, ya kuma ji na fita ba izini, ransa ya ɓaci. Ya ce yau kuma ni ce da hawa tasi, ni da nake karanta Ayatul Kursiyyu kafin in shiga lif? Ya ce tun yaushe na yi baki a kan 'yar fari, ko zaman Doha ne ya fara wanke mini ido? Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan fitar, don a nan yana da gaskiya. Amma na ce kaya kam ba zan haɗa ba. Na ce in ya ga dama ya haɗa da kansa, sai dai ya sani duk jirgin da zai ɗauki yarinyar nan ba magani to da ni zai tashi, ko a ƙasan kujera ne. Na ce abu ɗaya nake roƙo, ya bi ni asibiti ya gani da idonsa, bayan nan ya yanke abin da zai yanke. Ya daɗe yana kallona kamar an canza masa mata. Ya ce halas, zai je, don in daina cika masa kunne.

A asibiti likitar ba ta yi dogon Turanci ba, ɗan abin da ta faɗa kuma nas ɗin nan tana fassara mini. Ta zaunar da yarinyar a gaban tebur, ta rufe hannuwanta da wani zane yadda ba za ta gan su ba. Ta karɓi makullin motar maigida ta sa mata a hannun hagu, ta ce mene ne wannan. Yarinyar ta ce ko cokali ne. Aka karɓe makullin aka haɗa shi da tarkace a ƙarƙashin zanen, aka ce ta nemo abin da ta riƙe ɗazu. Bakinta yana cewa ai ita ba ta san mene ne ba, hannun hagu kuwa ya laluba ya wuce cokali, ya wuce biro, ya ɗauko makullin. Maigida ya gyara zama. Ya ce a sake. Aka sake da carbinsa, haka aka yi. Sai ya tambayi likitar, murya ƙasa ƙasa, shin wancan ɓarin da ba ya magana ya san shi kuwa? Ta ce ya gwada. Ya zura hannunsa ƙarƙashin zanen. Akwai wani tabon ƙuna a babban yatsansa da yarinyar take wasa da shi tun tana jaririya. Hannun hagun ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya har ya samu tabon, ya tsaya a kai yana shafawa. Likitar ta ce mata me kika taɓa. Ta ce ba ta sani ba, amma fuskarta duk murmushi, ta ce ita dai ta ji daɗi. Maigida ya tashi ya fita waje. Da ya dawo idonsa ya yi ja, bai kalle ni ba, ya ce wa nas ɗin ta tambayar masa ranakun da za a riƙa kawo ta motsa hannu.

Saura Iya. Ya ɗauki waya ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye. Na ce ya ba ni. Ban taɓa yi wa surukata magana da ta wuce gaisuwa ba, kuma ko da yake ba ta ganina sai da na durƙusa. Na ce Iya ki gafarce ni, addu'arki muna nema dare da rana, duk malamin da zai roƙa mata Allah daga can muna godiya, mu ma nan muna tofa mata. Amma yarinya ba za ta zo yanzu ba, magani ba za a daina ba, hannu kuma ba za a sake ɗaurewa ba. Ta tambaya wa ke magana. Na ce ni ce. Ta ce lalle duniya ta zo ƙarshe, uwa ce ke tsayawa a kan 'yar fari tana mayar wa uwar miji magana, ba ta san marar kunya aka aura wa ɗanta ba. Ta kashe wayar.

Ba zan ce miki komai ya koma daidai ba. Hajiya Babba ta yi watanni tana amsa gaisuwata da hanci, wasu matan har yanzu ba sa son 'ya'yansu su zauna kusa da tawa. Hannun ya lafa sosai, tana ɗaura ɗankwali da hannu biyu, tana taya ni yankan albasa, amma in ta gaji ko ta tsorata yakan yi nasa. Mun koyi zama da shi. In za ta ci abinci sai ta ba shi kofin ruwa ya riƙe, ta ce masa ya yi haƙuri, mu yi dariya.

Abin da nake son mata 'yan uwana su ji shi ne, in za a yi wa ɗanki aiki, musamman a ka, kada ki gyaɗa kai a kan abin da ba ki gane ba. Ki nemi tafinta, ki tambayi me za a yanke, me zai biyo baya, ki sake tambaya ko za a ga ƙauyancinki. Abin da kika lura da shi a gida ki kai wa likita, kada ki raina shi don ba ki yi boko ba. In yaro ya ce miki ba shi ba ne, ki tsaya ki duba kafin ki ƙaryata shi. Ban ce babu iska a duniya ba, ban kuma ce a bar addu'a ba, amma kada a sa wa abu suna tun ba a bincika ba, kuma kada kowa ya sa ki tsayar da maganin farfaɗiya da ka. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, a cikinta na tashi, ban raina ta ba. Amma an yi ta ne a gidan da kaka da gwaggo suke tsaye a kan yaro. Mu da muke ƙasar wasu, a gidan sama, bayan ƙofa a rufe, in uwa ta kau da kai ba wanda ya rage.

Iya har yau in na gaishe ta a waya sai ta ce a ba ta ɗanta. Ina gaishe ta duk Juma'a, kuma ba zan fasa ba. Ta kira ni marar kunya na amsa. Yarinyar dai tana nan gabana, da maganinta, da hannuwanta biyu.